Ba a Sa Sunan Yeo Man-su Ba

Tak Bong-gil ya shekara ashirin da biyu yana ɗaura kyamara a jikin jiragen leƙen asiri, har ƙarar inji ta kashe masa kunne ɗaya. Da rundunarsu ta cika shekara sittin aka aiko masa da katin gayyata. Ya goge tsohuwar kwat ɗinsa, ya hawo jirgin ƙasa tun daga garin Mokpo.

Ya tarar sansanin ya sauya. Matuƙan yanzu a ɗaki mai sanyi suke zaune, suna juya jiragen da babu kowa a ciki. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne bangon dutsen da aka rubuta sunayen mamatan rundunar. Sau biyu ya bi shi da yatsa. Babu Yeo Man-su, matuƙin da ya yi wa aiki shekara shida.

Ya tare Kanar Pyo, kwamandan yanzu, wanda a haife ya haife shi.

"Ranka ya daɗe, kun tsallake mutum."

Kanar ya sa aka duba, ya ce, "Baba, takarda ta nuna haɗarin mota ya yi yana hutu."

"Mota? Da hannun nan na rufe masa murfin jirgi! Ya tashi ya nufi arewa, yankin abokan gaba, bai dawo ba. Motar fiffike gare ta?"

"Fayil ɗin na sirri ne, ba ni da iko a kai. Ku zo ku zauna, miya tana hucewa."

Bong-gil bai zauna ba. Da aka gama karanta sunayen, mai busa ya kai ƙaho baki, sai Bong-gil ya ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Kyaftin Yeo Man-su!"

Can baya wasu tsofaffin sojojin rundunar uku suka miƙe da ƙyar, suka sara wa sunan. Wani soja ya kama hannun Bong-gil a hankali, shi kuwa ya fizge.

Bayan wata huɗu wasiƙa daga hedikwata ta same shi a gida: ba za a buɗe fayil ɗin ba sai nan da shekara goma. Shekarunsa tamanin da ɗaya. Ya yi tsaki, ya bi tsofaffin nan uku gida-gida, kowa ya rubuta abin da ya gani a ranar da Man-su ya tashi, ya danna hatiminsa. Duk farkon wata yake aika wa hedikwata kwafi, ko sun amsa ko ba su amsa ba.