'Yan Sintirin Gwiwata

Jiya bayan azahar na kishingiɗa, na yi wani mafarki. Ni kafinta ne, gwiwata ta kumbura suntum, ga rufin ɗakin matata Tasalla na yaye ban mayar ba, ga hadari ya haɗo. Likita ya ce sojojin jikina ne ke dukana, kuma umarnin daga ƙwayoyin gado yake fitowa. Na ce masa ni ban san wannan zance ba.

Sai ga ni cikin gwiwar tawa. Gari guda ne, har da tasha. Ruwa na zuba daga ƙasa zuwa sama, shi ya sa wurin ya cika. 'Yan sintiri farare tas suna ta jibgar bango da gora suna dariya.

Na ce, "Kai, bangona ne fa! Ina ɓarawon?"

"Tsatsar ƙusar da ta soke ka ce, mun kashe ta tuntuni."

"To ku daina mana!"

"Ba a busa usur ba."

Sai ga ni a ofis. Wani bunsuru sanye da tabarau ya nuna min kujeru biyu da ƙahonsa. Ya ce nan ne ofishin ƙwayoyin gado, usur biyu ke juya garin, na farawa da na tsayawa.

A kujerar farko kakana Ɗangaladima ne, wanda ya rasu ina yaro, yana ta busa usur har kumatunsa sun kai kafaɗa.

Na ce, "Kaka, ya isa haka!"

Ya ce, "Ja'iri, mu a gidanmu farawa muka iya." Ya ci gaba.

A kujera ta biyu kakata ta wajen uwa, Iya Kande. Usur na tsayawar yana hannunta, tana dama fura da shi.

"Iya, ki busa don Allah, rufi zan hau."

"Maigidan, sai na gama. Ka sha?"

Na sha. Ta ƙaro, na shanye. Bunsuru ma ya sha. Na durƙusa a gabanta, abin da rabona da shi tun sallah, har shewa na yi. Ta lashe usur ɗin, ta goge a zani, ta kai baki. 'Yan sintiri suka ɗaga gorori sama suna jira.

Ta busa. Ya ce tal, tal, tal.

Na buɗe ido. Ruwa ne ke ɗiga cikin kwanon Tasalla. Tana tsaye a kaina da tsani a hannu, gwiwar nan tana nan suntum.

Ta ce, "Kai za ka hau, ko ni?"

Na riƙe mata tsanin.