Waya a Agarar Lariya

Lariya koko da ƙosai take sayarwa a unguwar Alabar cikin Kumasi, a bakin hanyar da 'yan dako ke bi zuwa kasuwa. A nan aka haife ta. Mijinta Masahudu tela ne, shi kuma tun yana goye aka zo da shi daga Doso, bai san ko ƙofar gidansu a can ba.

Ƙarshen watan Oktoba na 1969, iska ta yaye kwanon rumfarta, ya faɗo ya sare ta a bayan ƙafa. Agara ta tsinke gaba ɗaya. Da aka kai ta asibiti, likitan ƙashi ya duba ya ce yana gwada wani salon ɗinki, ita ce ta tara da zai yi wa. Wata nas mai suna Ajara ta fassara mata.

"Maame Lariya, da siririyar waya zai ɗinke jijiyar. Bakin wayar zai fito ta dudduge, a ɗaure shi da maɓalli. Bayan mako shida shi da kansa zai zare ta."

"Zan taka?"

"Takwas ɗin da aka yi wa duk suna takawa."

Ta dangwala yatsa a takarda, aka yi aiki, aka sa mata filasta har gwiwa. Duk Talata Masahudu yakan kai ta, likita ya matsa yatsunta, ya auna, ya rubuta, ya ce aikin yana kyau.

Saura mako uku a cire wayar, rediyo ya faɗi cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin kwana goma sha huɗu. Zango, unguwar baƙi, ya rikice. Masahudu ya je wurin likita ya roƙe shi ya zare wayar tun yanzu.

Ajara ta ce, "Ya ce in ya zare yau, jijiyar za ta sake tsinkewa. Amma zai ba ku wasiƙa."

Wasiƙar ba ta yi amfani ba. Ranar da aka kama Masahudu a shagonsa, ɗan sandan ya karanta ta ya miƙa masa, ya ce wannan ta asibiti ce, ba takardar zama ba. Maƙwabta suka ce Lariya ta ɓuya a unguwar Akwatialine wajen ƙawarta Rakiatu har ranar cire wayar ta cika. Kwana biyar ne kacal suka rage.

Lariya ta ce, "In ya tafi, a ina zan same shi? Ni ban san Doso ba."

Aka ɗora ta a bayan lori tare da Masahudu da keken ɗinkinsa da mutum fiye da sittin. Ba wurin miƙe ƙafa. A bakin iyaka suka yi kwana goma sha ɗaya a fili suna jiran a bar su su wuce. Filastar ta tsage, ta fara wari, har matan da ke kusa da ita suna toshe hanci da mayafi.

Da suka isa Doso, ma'aikacin wani ƙaramin ɗakin magani ya fasa filastar, ya tsaya yana kallon maɓallin.

"Wane ne ya yi miki wannan?"

"Likita, a Kumasi. Ya ce zarewa ake yi."

"Ta ina?"

Ba ta sani ba. Masahudu ya miƙa wasiƙar, mutumin ya juya ta ya ce shi Faransanci ya karanta. Ya yanke maɓallin ya ja, wayar ta katse a ciki.

Ƙafar ta kumbura har cinya. Cikin watan Fabrairu na 1970 aka yanke ta a Yamai, ƙasa da gwiwa. Dangin Masahudu suka ba su wani ɗaki da a dā ake ajiye gero a ciki. Ba wanda ke kawo masa ɗinki, ita kuma ba ta iya tsayuwa gaban murhu.

Wata rana ya tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki.

"Uwargida, ko ƙafar ce?"

"A'a. Da na ɓuya wajen Rakiatu ne nake tunani."

Ya zauna kusa da ita a ƙasa.