Jar Fitila a Ƙofar Gidan Baba

Da man dizal ya yi tsadar da gwamnati ta ce ba za ta iya ba, sai aka raba harkar jirgin ƙasa gida biyu. Gwamnati ta riƙe dogo da sigina, ta sayar wa kamfani da jiragen. Aka ce wa direbobi kowa ya zaɓa: ko ya bi jirgi zuwa kamfani, ko ya tsaya da gwamnati a ba shi aiki a ƙasa.

Yaya ya tsaya. Shi ne ma ya haye benci a taron ƙungiya yana ɗaga murya har ta dushe, wai dukiyar jama'a ce, ba a sayar da ita kamar tsohuwar katifa. Aka yi masa tafi raf-raf, sannan aka tura shi ɗakin sigina, wani ɗan ɗaki a saman bene mai tagogi ta ko'ina, da fankar da ta daina juyi tun da kuɗin wuta ya tashi aka ce a yi tattali. Auta kuwa, ƙanensa da shi ya koya wa riƙe birki, ko taron bai leƙa ba. Ya sa hannu shiru abinsa, aka ba shi sabuwar riga da hula mai baki, ya ɗare kan jirgi mai na'urar sanyi.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke cin Yaya shi ne barandar Baba.

Babansu tsohon direba ne, gidansa na bakin dogo, kuma daga tagar ɗakin sigina ana hango shi ƙarara a kan kujerarsa. Kullum da la'asar Auta zai wuce da jirgin fasinja, ya danna hon, tsohon ya ɗaga sandarsa sama yana washe baki. Yaya ne ke ba da hanyar, shi ke jan ƙarfen da ke mayar da jar fitila koriya, amma bai taɓa ganin an ɗaga wa ɗakin sigina sanda ba.

"Kun ga yadda ya shiga kwanar nan?" Baba zai ce wa maƙwabta. "Ko shayi ka ɗora a kan jirgin ba zai zube ba."

"Baba, ai ni na koya masa," Yaya ya ce wata rana.

"To, madalla. Miƙo min butar nan."

Da ya koma gida yana ta huci, matarsa ta dube shi ta gefen ido. "Maigida, kai fa kishi ke damunka."

"Ni? Kishin wa? Yaron da na goya a bayana?"

"Shi ɗin fa," ta ce, ta ci gaba da gugarta.

Gaskiyarta, kishi ne, irin mai hana abinci wucewa. Shi ya tsaya kan gaskiya, shi ya haƙura da tuƙin da yake so kamar ransa, amma wanda ya bi kamfani shi ne ɗan albarka. Abin da yake nema bai taka kara ya karya ba: sau ɗaya tak tsohon ya ɗago kai ya san cewa jirgin nan ba ya motsi sai da izinin babban ɗansa.

Ranar da abin ya faru rana ce mai zafi, rigarsa ta manne da bayansa. Jirgin kaya ya daɗe da wucewa, tashar gaba ta sanar cewa layi a buɗe yake. Ya hango jirgin Auta yana tahowa yana sheƙi. Ya ɗora hannu a kan ƙarfen, sai kawai ya ƙi ja. Ya san sarai kamfani ba ya wasa da makara, kuma duk man da inji ya sha a tsaye a wuyan direba ake rataya shi. Ya sani, amma ya bar fitilar a ja.

Jirgin ya rage gudu, ya tsaya cak daidai ƙofar gidan Baba.

Oba-oba ta yi ƙara, muryar Auta ta fito. "Yaya, lafiya? Me ke gaba?"

"Ka jira," ya ce, har da gyara tsayuwa.

Wani daɗi ya ratsa shi. Ya matsa jikin taga don ya ga fuskar tsohon.

Baba ya miƙe da ƙyar, amma ko kallon jirgin bai yi ba. Ya dogara sandarsa har bakin dogo, can gaban inji, ya kare ido da tafin hannu ya dubi layin har inda ganinsa ya ƙare. Sannan ya sunkuya, da wannan bayan nasa mai ciwo, ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen dogon, kamar yadda mutanen zamaninsu ke yi in suna son jin ko wani jirgi na tafe. Ya daɗe a haka, alhali babu jirgin da ke tafe. Da ya ɗago, sai ya juyo ya dubi ɗakin sigina.

Yau dai ya dube shi. Yaya ya ja ƙarfen da sauri, jirgin ya wuce ba tare da hon ba.

Washegari suka haɗu a barandar. Auta ya zo da labarin cewa shugabansa ya kira shi ya wanke shi tas, ya ce in aka sake, a bakin aikinsa. Yana faɗa yana dariya.

"Na ce musu ba laifin kowa ba ne. Kayan gwamnati ne sun tsufa, wayoyin duk sun ruɓe. Ko ba haka ba, Yaya?"

Da zaginsa Auta ya yi da ya fi masa sauƙi. Yaya ya jawo butar shayi. Ya zuba wa Baba, yana jiran faɗan tsohon. Ya ma fi son faɗan, ko da a gaban Auta ne, don mutum ba ya yi wa wanda ya cire daga ransa faɗa.

Baba ya karɓi kofin ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba. Ya juya wajen Auta, ya kama hannunsa, ya yi magana a hankali, ba fushi a muryarsa ko kaɗan.

"Auta, ka ji abin da zan gaya maka. Rayukan mutane kake ɗauka. Daga yau, in ka iso fitilar nan, ko koriya ka gani, ka rage gudu ka duba hanya da idonka."