Harbi Uku a Dajin Ruwa

Ruwan ya kai wa Harlan ƙugu lokacin da ya lura cewa rabonsa da jin usur ɗin Odell ya fi awa guda.

Ya tsaya cak a tsakanin itatuwa, ya kasa kunne. Odell ba mutum ba ne da bakinsa ke hutawa a daji. Shekara talatin suna maƙwabtaka, ko shinge babu tsakanin gidajensu, kuma duk hunturun da ruwa ya shanye dajin nan na bayan gonakin shinkafa, tare suke fita harbin agwagin daji. Odell zai busa usur ɗin kiran agwagwa, ya yi tari, ya zagi sanyi, ya sake busawa. Yau kuwa tsit. Abin da kawai Harlan ke hangowa can nesa ta tsakanin rassa shi ne walƙiyar fikafikan agwagwar roba, fari, baƙi, fari, baƙi.

Ta Harlan ce agwagwar. A kan sanda ake kafa ta, batir na juya mata fikafikai, don na sama su zaci 'yar'uwarsu ce ke sauka. Shekara huɗu suna musu a kanta, kamar ba su da jikoki.

"Wannan fankar taka," in ji Odell, "agwagwar da ta taso tun daga Kanada ta ga irinta ɗari a hanya. Kafin ta iso Arkansas ta fi ka wayo. Korarsu take yi."

"Hassada ce kawai, tsoho. Kai dai ba ka son abin da aka ƙera bayan aurenka."

Da asubar nan Nadine, matar Odell, ta biyo su har bakin mota da gorar kofi. Ba mijinta ta kalla ba, Harlan ta kalla.

"Harlan, don Allah kada ka bar shi shi kaɗai. Likita ya ce zuciyar nan ba ta son sanyi. Ka tsaya inda za ka riƙa ganinsa."

"Kwantar da hankalinki. Ko fitsari zai yi, ina riƙe da wuyan rigarsa."

Ta yi dariya, ta koma ciki. Amma suna shiga kwalekwale musun ya tashi, har Odell ya ce yau za a yi ta ta ƙare. A ba shi fankar ya kafa a tsohon filinsu, sararin da suka saba harbi a tsakiyar itatuwa, shi kuma Harlan ya tafi filin gabas da usur kawai, a ga wanda zai dawo da nama. Harlan ya tuna da alkawarin, ba wai ya manta ba. Sai dai son cin musu ya fi ƙarfinsa. Ya ce a ransa, ai tafiyar minti ashirin ce.

Rana na ɓullowa ya ji harbi daga wajen Odell. Ɗaya. Biyu. Uku. Doka ba ta yarda bindigar agwagwa ta ɗauki fiye da harsashi uku ba, saboda haka harbi uku shi ne abin da kunne ya fi saba da shi a dajin nan. Harlan ya daki itace don murna.

"Ka gani ko!" ya ce, shi kaɗai. "Mai cewa tana kora, ga shi har ya juye bindiga."

Ya zauna yana shirya baƙar maganar da zai yaɓa masa a mota. Sai yanzu, yana tsaye cikin ruwa, harbin ya dawo masa a kunne yadda yake. Mai harbin tsuntsu a sama ba ya jira tsakanin harsashi da harsashi. Wannan kuwa an yi ɗaya, an dakata, an yi na biyu, an dakata daidai wancan. Duk yaron da ya taɓa bin ubansa daji ya san ma'anar haka: ina cikin wahala, a zo.

Harlan ya juya wajen filin Odell. Ya ɗaga murya. "Odell!"

Dajin ya mayar masa da sunan.

Ba a gudu a cikin ruwan nan. Laka na riƙe takalmi, saiwoyi na kwance a ƙasa ba a ganinsu, in kuwa mutum ya faɗi, wandon robar da ya kai ƙirji ya cika, sai wani ya ɗaga shi. Harlan ya san duk wannan, amma ya yi ta kutsawa yana fasa siririyar ƙanƙarar da ke saman ruwan da jikinsa. Sau biyu yana kama reshe da ƙyar. Tsoro bai taɓa kama shi haka ba. Wani garken agwagi ya zo ta samansa, ya karkato zuwa filin Odell, ya kusa sauka, sai ya watse ya koma sama. Ba a harba ba.

Ya same shi zaune a cikin ruwa, bayansa jingine da gindin itace, ruwan ya kai masa hammata. Fuskarsa ta koma kalar toka. Bindigar na rataye a reshe, kwanson harsashi uku jajaye na yawo a gefensa, babu ko gashin tsuntsu ɗaya a kan ruwan. Ga 'yar kwalbar maganin zuciyarsa tana lilo a buɗe, ruwa ya cika ta.

"Odell! Ga ni, ɗan'uwa, ga ni!"

Ya durƙusa ya tallafo shi. Odell ya buɗe ido da ƙyar.

"Ka ji harbin?"

"Na ji."

"Ka daɗe."

Harlan ya buɗe baki zai ce laka ce ta riƙe shi, sai ya fasa. "Na zaci agwagi kake harbi," ya ce. "Na zaci na ci musu."

Wani abu kamar dariya ya motsa a ƙirjin Odell. "Sakarai. Ko ɗaya ba ta sauka ba. Sau biyar suna zuwa." Ya ja numfashi. "Kashe fankar nan, tana sa ni jiri."

Sandar na da taku goma daga inda suke. In ya sake shi, kansa zai nutse.

"Bari in ɗauke ka tukuna, mu kai kwalekwale."

"Kada ka motsa ni. Ka zauna kawai."

Ya zauna. Ruwa ya shiga ta saman wandonsa, sanyin ya soke shi har ƙashi, bai tashi ba. Yana ta surutu, yana cewa yanzu za su tafi, yanzu zai samu sauƙi, har ya ji nauyin da ke hannunsa ya canza. Ya daɗe bai yarda ya duba fuskar ba.

Wayarsa ba ta kama ba sai da ya kai kwalekwalen bakin gaɓa. Motar asibiti ta zo ta ɗauki gawar. Ɗan sandan da ya biyo ta ya ce zai je ya gaya wa matar, Harlan ya ce a'a, shi ne ya fito da shi.

Nadine na jin ƙarar mota ta fito baranda tana goge hannu, ƙanshin soyayyen ƙwai na biye da ita. Ta dubi kujerar da ke gefen direba. Sannan ta dubi Harlan, da ya hau matakala ya tsaya, hularsa a hannu.

"Ina yake?"

"Zuciyar ce, Nadine. Ya tafi."

Ba ta yi kuka ba. Ta dafa ƙofa, ta tambaye shi a hankali, "Kana tare da shi?"

"A hannuna ya cika."

"Tun farko kana tare da shi?"

Harlan ya sunkuyar da kai. Ruwan dajin na ta tsiyaya daga wandonsa, ya bi tsagin katakon baranda a hankali har ya taɓa silifas ɗinta. Ba ta janye ƙafarta ba.