Wata da Zara Daga Kan Tankin Ruwa

Magadaliya ta fara ɗaukar hoton taurari tana da shekara talatin da huɗu, kuma ba da niyya ba. Malamar labarin ƙasa ce a wata sakandaren 'yan mata a Jos. Wata rana ta kai tsohuwar kyamarar makaranta gyara wurin Malam Datti, mai shagon gyaran kyamara da wankin hoto a Titin Bauchi, sai ta ga wani hoto manne a bango, baƙi ƙirin, da fararen layuka sun yi da'ira kamar an zana da alli. Ta tambaye shi ko fim ne ya lalace. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce taurari ne. Ya bar idon kyamara a buɗe awa biyu a bakin kududdufin kuza na Naraguta, su kuwa suna ta tafiyarsu.

Daga nan ya zama malaminta. Duk ƙarshen wata, idan sama ta yi duhu sosai, sai su ɗunguma Naraguta a tsohuwar fijon mijinta Badung, wanda ke aiki a sakatariya. Shi Badung bai damu da taurari ba. Yakan zauna a mota da filas ɗin shayi yana jin rediyo, su kuma suna can kan tudu suna gardamar daƙiƙa nawa za a ba fim. Shekara shida suna haka.

Rikicin 2001 ne ya yanke wannan tafiya. Bayan an lafa, Badung ya ce ba zai sake tuƙa mota zuwa daji da dare ba, Malam Datti ma bai yi musu ba. Magadaliya ta koma lambun bayan gidansu a Anguwan Rukuba, ɗan fili mai kabeji da karas da itacen fiya guda. A shekarar ne Badung ya ƙara wa katanga bulo huɗu, ya ɗora waya mai ƙaya. Maƙwabcinsu na yamma ya tada bene. Kowane gida ya sa fitilar tsaro a ƙofa da bayan gida, masu hali suka sayi janareto don kada ta mutu. Sama ta koma ruwan lemo. Taurarin nan Kaza da 'ya'yanta, waɗanda a Naraguta take ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, a lambu sai ta ƙura ido kafin ta gane inda suke.

Ba ta daina ba. Ta koyi rataya tsohon bargo a igiyar shanya don ya tare hasken gidan maƙwabta. Ta naɗa baƙin kwali a bakin kyamara. Idan aka ɗauke wuta unguwa ta ɗauki tsaki, ita sai ta fita da gudu, domin tana da kamar minti biyar kafin janaretoci su tashi. Duk fim ɗin da ta cika ta kai wa Malam Datti da rana tsaka, ya wanke, ya ɗaga shi a haske ya girgiza kai.

"Malama, wannan ai hoton fitilar maƙwabcinki ne. Taurarin baƙi ne kawai a ciki."

A watan Nuwamban 2008 ya nuna mata wata takarda da ya yanko daga mujalla. Ranar ɗaya ga Disamba, da faɗuwar rana, jinjirin wata zai tsaya daf da taurarin nan biyu, Zara da Mushtari, su uku wuri guda. Tunda abin na magariba ne ba na tsakar dare ba, Badung ya yarda zai kai su Naraguta, a kan sharaɗin ƙarfe bakwai da rabi suna hanyar gida. Magadaliya ta sayi fim sabo ta ajiye a firij.

Saura kwana uku gari ya sake kamawa. Ranar Juma'a suka tashi da ƙarar harbi, kafin azahar hayaƙi ya rufe gabas. Aka sa dokar hana fita. Kwana uku ba wanda ya leƙa titi a gidan, suna cin abin da ke lambu da ragowar acca. 'Yarsu Dina da ke karatu a Zariya tana ta kira tana kuka, Badung yana ce mata lafiya lau suke, alhali ya jera adda da taɓarya a bayan ƙofa. Magadaliya ta kira lambar Malam Datti ya fi sau ashirin, a kashe.

Ranar Litinin da la'asar wayarta ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Malama, Datti ne. Wayar surukina ce. Kuna lafiya? Maigidan fa?"

"Lafiya muke, Baba. Kai fa? Iyali fa?"

"Da rai dai. Muna gidan 'yata, mu goma sha tara a ɗaki biyu." Sannan ya ƙara da cewa, "Shago ya tafi. Kyamarori, injin wanki, hotunan nan na bango, duka."

Ta ce, "Sannu, Baba," sau uku, ta ji kalmar ba ta kai ko'ina ba.

"Ba don wannan na kira ba," in ji shi. "Yau ɗaya ga wata. Kin manta?"

Ba ta manta ba, kunya dai take ji ta tuna.

"Ni ba ni da ko kyamarar yara, tagar ɗakin nan kuma gabas take kallo. Ki ɗauka mana. Daƙiƙa biyu, sannan huɗu, kada ki wuce huɗu, watan zai ƙone."

Da rana ta faɗi ta fita lambu da kyamara da ƙafar kyamarar mai reshe uku. Sai ta tarar da abin da ba ta lissafa ba. Matasan layin sun kafa wata ƙatuwar fitila a kan falwaya daidai kusurwar gidansu, irin ta filin taro, sun haɗa ta da janareto don gadin unguwa. Haskenta ya cika lambun har ana ganin tsutsa a ganyen kabeji, hayaƙin da ya rage a sama kuma ya riƙe hasken ya baza shi. Ta rataya bargo, ba ta ga amfaninsa ba. Daga ƙasa ma benen maƙwabci ya rufe mata yamma gaba ɗaya.

Ta je ƙofar gida ta buɗe 'yar tagar ƙarfen. Natana'el, makanikin da ke shugabantar masu gadin, yana zaune a kan benci da tocila a cinya. Tun yana yaro ta san shi.

"Natana'el, don Allah zo."

Ya taso. "Mama Dina, lafiya? Wani abu ya shigo?"

"Ba komai. Fitilar nan nake so ku kashe mini, minti goma kawai."

"A kashe? Don me?"

Ta gaya masa. Tana magana tana jin yadda zancen ke fita daga bakinta, wata da taurari biyu, a irin wannan rana. Ya dube ta kamar bai gane Hausarta ba.

"Mama, ƙanena ya fita tun Friday, har yanzu ba mu gan shi ba. Mun duba asibiti biyu. Mutane na layin nan ba su barci sai sun ga wannan wuta. In na kashe shi minti ɗaya, mata za su fara ihu, wani zai yi harbi. Ki yi haƙuri. Ko oga ne ya zo da kansa ba zan kashe ba."

Gaskiya ya faɗa. Ta ce Allah ya bayyana ƙanen nasa, ta rufe tagar.

Ta koma lambu ta tsaya tana duban katanga ta kowane gefe. Wuri ɗaya ne ya fi benen nan tsayi ta gefen kudu, wato ƙarfen da aka ɗora tankin ruwa a kai. Akwai ɗan katako a gefen tankin inda mai gyaran famfo ke tsayawa. Ta ɗaure zaninta da kyau, ta rataya kyamara a wuya, ta bar ƙafar a ƙasa don ba inda za ta kafa ta, ta hau tsanin.

Daga can ta gan su. Ta tsakanin benen da hasumiyar wani coci akwai ɗan sarari, ga jinjirin wata siriri a kwance, Zara manne da gefensa tana ƙyalli, Mushtari can gefe kaɗan. Sun fi yadda mujalla ta zana kusa. A ƙarƙashinsu unguwannin da aka ƙona sun yi baƙi, babu ko fitila ɗaya. Ta hango wajen Titin Bauchi, tafiyar da ba ta kai minti ashirin a mota ba.

Ta ɗora kyamara a kan murfin tankin, ta tokare ta da ɗankwalinta, ta riƙe numfashi ta danna. Daƙiƙa biyu. Ta juya fim, ta sake. A na uku ne haske ya doke ta a fuska.

"Wane ne a sama can? Sauko! Sauko ko in harba!"

Motar sintiri ce ta tsaya a bakin layi. Sun hango mutum a kan tanki da wani dogon abu baƙi yana nuna unguwar da ke tsallake. Ta ji ƙarar da bindiga ke yi idan an ɗana ta. Ta kasa ɗaga hannu ta kasa sauka. Muryar Natana'el ce ta ratso, yana gudu yana ihu.

"Oga, a'a! Teacher ne! Mama ne, camera ne a hannunta! Oga don Allah!"

Badung ya fito ba takalmi. Shi ya hau ya kamo ƙafarta yana sa mata a kan matakala ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Sojoji biyu suka shigo, suka juya kyamarar gaba da baya. Ɗaya ya so ya zare fim ɗin, babbansu ya dubi kabejin da bargon da ke rataye da matar gidan, ya ce a bar mata kayanta, amma in ya sake ganin kai a saman katangar nan ba zai yi tambaya ba.

Bayan sun tafi Badung bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin rijiya ya riƙe kansa da hannu biyu.

"Maman Dina, da me zan gaya wa yarinyar nan? In ce uwarki ta mutu wajen ɗaukar hoton wata?"

Washegari ya kwance tsanin tankin ya kulle shi a sito.

Fim ɗin ya yi wata biyu a firij. Mai wanke mata shi ba shi da shago, kuma kafin Kirsimeti ta ji ya kwashe iyalinsa sun koma Bauchi wurin ƙaninsa. A ƙarshe ta kai wani sabon shago a tsakiyar gari, inda yarinyar da ke karɓar aiki ta ce hotuna uku ne kawai a ciki kuma duk sun lalace, ko a bar su? Magadaliya ta ce a buga.

Na farko ya girgiza. Na uku fari ne fat saboda tocilar sojoji. Na biyu ne ya fita: sama ruwan lemo mai datti, waya mai ƙaya ta ratsa ƙasan hoton, gefen benen ya ci kusan rabi, sannan can sama ga watan da ɗigo biyu masu haske.

Tashar motar Bauchi tana ɓangaren da mutanen unguwarsu suka daina zuwa. Ta sa hoton a ambulan ta ba Maimunatu, abokiyar aikinta mai koyar da lissafi, ita kuma ta ba wani direba da ta sani. Bayan kwana huɗu Malam Datti ya kira.

"Ya iso, Malama. Na biyu ne wannan ko? Daƙiƙa huɗu."

"Huɗu ne, Baba."

"Kin ɗan wuce wajen saita nisa, Mushtari ya yi kumburi. A kan me kika ɗora kyamarar?"

Ta gaya masa a kan tankin ruwa ne, ba ta faɗi sauran ba. Ya ce a bayan garin Bauchi akwai wani dutse da sama ke da duhu kamar Naraguta ta da, in hanya ta yi kyau ita da maigida su zo. Ta ce to, in Allah ya yarda. Dukansu sun san Badung ba zai bi hanyar nan ba a wannan shekara.

Da daddare ta yi wa mijinta maganar su sayar da gidan su koma bayan gari, wajen ƙauyensu. Ya ce wa zai sayi gida a Jos yanzu, kuma saura shekara bakwai ya yi ritaya. Ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Fitilar kan falwaya ba a sauke ta ba, sai ma aka ƙara wata a ɗaya kusurwar. An samu ƙanen Natana'el da rai a wani barikin da mutane suka fake, aka yi addu'ar godiya a layin, Magadaliya ta dafa shinkafa ta aika. Ta ci gaba da koyar da 'yan aji huɗu yadda duniya ke zagaya rana, da ƙwallo da tocila. A lambu kuwa wata kaɗai ke iya ratsa hasken, shi ma sai ya hau tsakiyar sama, don haka shi ta koma ɗauka, daga ƙasa, tsakanin itacen fiya da igiyar shanya.