Rigar Amfilifaya

Tun kafin a sa ranar aurensa da Haulatu, Usaid ya riga ya san inda amfilifayarsa, na'urar ƙara sautin waƙa, za ta zauna a falo. Tsohuwa ce, irin mai kwalaben gilashi huɗu a tsaye a kanta, waɗanda in an kunna suke yin ja a hankali kamar garwashi. A kasuwar Maigatari ya tsince ta wurin wani Badamagare mai tsofaffin rediyoyi, ya ɗoro ta a cinya har Gumel, don bai yarda direba ya sa ta cikin buhunan riɗi ba.

Ranar da za a yi jere, tun safe yake haɗi. Sifika ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kujera ta zama ta uku, kamar duwatsun murhu. Ya bi da waya ta bayan labule, ya jona na'urar faifai, ya matsar da sifikar hagu, ya ja da baya ya duba, ya sake mai da ita inda take. Yana cikin gwaji aka ɗauke wuta. Kafin ya tuna ya kashe makunni sai ga 'yan jere sun cika tsakar gida da guɗa, Goggo Larai, ƙanwar mahaifin Haulatu, a kan gaba. Ta ce ango ya ba su wuri, yau falo ba na maza ba ne.

Ita kuwa Goggo ba ta barin komai tsirara a ɗakin amarya. Talabijin da rigarta, fanka da hularta, har agogon bango sai da aka yafa masa leshi. Amfilifaya ce ta fi kowa sa'a, don ita aka lulluɓa wa farin ƙyallen da Haulatu ta yi wa surfani da hannunta, furanni ja a kowace kusurwa.

Da Usaid ya gani, ya san kwalaben nan iska suke so. Ya kai hannu zai yaye, sai ya shafi zaren, ya tuna yatsun da suka ja shi, zuciyarsa ta narke. Ya ce a ransa zai gaya wa Haulatu daga baya.

Washegarin kawo amarya, da hantsi, suna tsakar gida Goggo ta zo da waina da kunun gyaɗa, aka dawo da wutar da aka ɗauke tun ranar jere ba wanda ya kula. Haulatu ce ta fara jin ƙauri, ta zaci turaren da ta bari a kasko ne. Da suka ruga falo, ƙyallen na hayaƙi. Usaid ya fizge shi ya kashe makunni, amma tuni kowace kwalba ta huda nata gurbi, zagaye, baƙi-baƙi ta gefe.

Goggo ta yi salati, ta yanke hukunci nan take: abin da ke cin tufa ba zai kwana ɗaki ɗaya da 'yarta ba, a kai shi zaure. Usaid na tsugune, ba damar musu da suruka. Ya saci kallon Haulatu, ta riƙe ƙyallen, idanunta sun ciko. Sai ya roƙi alfarma ɗaya, cewa a bar amarya ta ji muryar abin kafin a kore shi.

Ya zaunar da ita a kujerar tsakiya, ya kunna, ya ce sai an ɗan jira ta yi ɗumi.

"Ɗan nan, rediyo ce ko tukunyar wake?" in ji Goggo.

Ya ɗora allura a kan faifai. Kukuma ta taso daga hagu, ƙwarya ta amsa daga dama, sai ga muryar wani dattijo tsakiyar falon, har numfashin da yake ja ana ji. Haulatu ta yi wuf ta ja mayafi ta rufe kanta, kamar baƙon namiji ya shigo ba sallama. Usaid ya waiwaya, ya ga ita ma Goggo ta gyara nata lulluɓin tana leƙen bayan labule.

Waƙar ta ƙare. Haulatu ta ɗaga ƙyallen sama, ta leƙa mijinta ta ɗaya daga cikin ramukan.

"Goggo, a bar ta," ta ce a hankali. "Amma Yaya Usaid, tsirara dai ba za ta zauna min a falo ba."

Ta ɗauko almakashi ta faɗaɗa ramukan yadda zafi ba zai kai ba, ta zauna tana daje bakinsu da jan zare. Goggo ta ce oho, su ta shafa, ta jawo kwanon waina gabanta, sannan ta tambayi Usaid ko faifan nan yana da wata waƙar a bayansa.