Kafar Iska

Wa ya fi laifi, wanda ya ce a toshe bai san abin da zai biyo baya ba, ko wanda ya sani sarai kuma ya ɗauki cokalin gini ya toshe? Barau mai aikin famfo ya yi ta juya tambayar nan a kan babur ɗinsa tun daga Toranke har Gaya, ranar da ya dawo daga ta'aziyya, bai samo mata amsa ba.

Wata guda kafin nan, da sanyi ya fara shigowa, Alhaji Gana, ɗan kasuwar hatsi a Toranke, ya sayo hitar dumama ruwa mai aiki da gas daga Kano saboda mahaifiyarsa, Hajja Falmata, wadda gwiwoyinta ba sa son ruwan sanyi. Barau ya so a kafa ta a waje. Alhaji ya ce a'a, ɓarayi za su ɗauke tukunyar gas ɗin. Sai Barau ya kafa ta a cikin ɗan banɗakin tsohuwar, ya fasa bango wuri biyu, ɗaya ƙasa kusa da ƙofa, ɗaya sama dab da rufi.

Hajja ta dogaro sandarta ta leƙo. "Kai ɗan nan, ramukan mene ne waɗannan?"

"Hajja, wuta ma numfashi take yi kamar mutum. Dole a bar wa iska hanya ta shigo."

Tsohuwar ta ja da baya tana ta'awizi. "Iska? A banɗaki? Mu muna addu'a kafin mu sa ƙafa don kar su taɓa mu, kai kuma ƙofa za ka buɗe musu har biyu?"

"Ba waccan iskar ba, Hajja. Wannan da muke shaƙa."

"Duk sunansu ɗaya. Gana, zo ka ji abin da mai famfonka yake faɗa."

Barau ya yi wa Alhaji bayani. Ya ce in wutar ta rasa iska, wani hayaki take fitarwa wanda ba a gani, ba a jin warinsa, mutum zai ji kansa ya yi nauyi ne kawai ya zauna. Alhaji ya saurara yana duba waya.

"Malam Barau, ni ita ta haife ni, ba hita ba. Toshe. In ba za ka iya ba, akwai masu yi a Ajingi."

Sau ɗaya Barau ya yi musu. Daga nan ya kwaɓa siminti ya cike kafofin biyu, ya shafe su sumul, don shi ba ya aikin ha'inci. A hanya ya ce wa kansa ai ya faɗa, ya fita haƙƙinsu.

Ranar wata Talata da hantsi aka ɓalle ƙofar banɗakin aka tarar da Hajja a zaune jingine da bango, ruwan zafi yana ta zuba. A wurin ta'aziyya kowa maganarsa ɗaya: iska ce ta buge ta, dama banɗaki gidansu ne. Barau ya shafa fatiha tare da jama'a, ya ce Allah ya ji ƙanta, ya tashi.

Bayan sadakar bakwai, matarsa Hanne ta dawo daga gidan Alhaji da labari. "Baban Abba, wai iskokin sun koma kan Madina, matar Alhaji. Yanzu ita take wanka a can saboda cikinta ya tsufa. Kullum ta fito sai ciwon kai da jiri, jiya har amai ta yi."

Barau, da ke cin abinci, ya ajiye cokali.

Hanne ta dube shi. Ita kaɗai ya gaya wa zancen kafofin. "Ka je ka faɗa masa."

"In ce masa me? Ni da kai muka kashe uwarka?"

"Ka ce masa abin da ka sani."

"Na faɗa tun farko. Bai ji ba."

"Ka faɗa da baki, ka toshe da hannu. Wanne kake so ya yarda da shi?"

"Ba zan je ba, Hanne. In maganar nan ta fita, ba mai sake ba ni ko gyaran buta daga nan har Gafasa."

Ta kwashe kwanonin. "To, ka ajiye sunanka ya yi kyau. Ka kuma wanke farar rigarka, za ka sake zuwa ta'aziyya."

Washegari yana kan wani aiki a bakin kasuwar Gaya, sau uku yana naɗa zare a bakin bututu yana warwarewa. Da rana ta ɗaga ya lissafa cewa lokacin wanka ya kusa. Ya bar aikin a buɗe, ya ɗaure guduma da cizal na fasa bango a bayan babur.

Ya sami Alhaji a ƙofar gida kan tabarma. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Alhaji, ba iska ce ta kashe Hajja ba. Rashinta ne. Kafofin da ka ce in toshe, na toshe, su ne. Kar Madina ta sake shiga."

Alhaji ya dube shi. Ya ce, "Ka sani tun ranar?"

"Na sani."

"Kai da ka sani, me ya hana ka ƙi?"

Barau ya juya ya kwanto guduma da cizal daga bayan babur.

Alhaji ya miƙe ya shiga gaba, ya ce wa mata su kauce. A banɗakin, bangon da ke saman hitar ya yi baƙi da tabon hayaki. Barau ya rufe tukunyar gas ya kwance ta. Ya durƙusa wajen kafar ƙasa, ya ɗora cizal, ya buga. Simintin bai ko tsage ba. Aikinsa ne, ya yi shi da kyau.

Alhaji yana tsaye a bayansa, hannunsa a kan sandar Hajja da har yanzu take jingine a bakin ƙofa. Barau ya gyara riƙon gudumar, ya sake bugawa.